Fure a hoton baƙi da fari: aikin yana farawa tun kafin a danna kyamara

Cikin hotunan da matasa masu koyon sana'armu ta ɗaukar hoto ke turo mini in duba, akwai wani iri da ba ya yankewa: jan fure a tsakiyar koren ganye, an ɗauke shi da launinsa, daga baya an danna maɓallin da ke mayar da hoto baƙi da fari. Furen da ya ja hankalin mai hoton har ya durƙusa a gabansa sai ya ɓace, ya saje da ganyen, komai ya koma ruwan toka. Daga nan sai yaro ya ɗora wa wayarsa laifi. Ko kyamarar miliyoyi aka damƙa masa, haka hoton zai fito.

Ga dalili. Idon mutum da launi yake raba ja da kore. Idan aka cire launi, abin da ya rage shi ne yawan hasken da kowane abu yake maidowa. A lissafin da ake amfani da shi tun farkon talabijin mai launi, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 59 cikin 100 na haske, ja kashi 30, shuɗi kashi 11. To amma koren ganye mai duhu ne, jan fure kuwa mai ƙarfi ne, shi ya sa idan aka auna su sai su faɗo kusan mataki guda na toka-toka. Wanda bai san wannan ba zai yi ta ɗauka yana gogewa bai gane inda gizo ke saƙar ba.

Saboda haka abu na farko da nake koya wa duk wanda ya zo wurina shi ne ya yanke shawarar baƙi da fari tun yana tsaye a gaban furen. Ya ɗan runtse ido har launi ya dushe, ya tambayi kansa: ina haske, ina duhu, kuma furen ya fi abin da ke bayansa haske ko ya fi shi duhu? In amsar ita ce daidai suke, kada ma ya danna. Ya canza wurin tsayuwa, ko ya jira rana ta juya. Yawancin kyamarori da wayoyin yanzu suna iya nuna baƙi da fari a fuskarsu tun kafin a ɗauka, kuma wannan babban taimako ne ga mai koyo.

Ba kowane fure ne ya dace da wannan aiki ba. Wanda duk kyansa a launi yake, a bar masa launinsa. Wanda ake nema shi ne mai siffa, mai jijiyoyi, mai lanƙwasa. Mu kuwa Allah ya hore mana su a bayan gida. Furen kuɓewa fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja ne mai duhu kamar an ɗiga tawada, wato ya zo da haskensa da duhunsa tun daga gona. Haka na yakuwa da na rama, don dangi ɗaya ne. Tumfafiya da muke wucewa a bakin hanya ba mu ko kallo tana da fure mai kauri, mai kusurwa biyar, da wani ɗan rawani a tsakiya, wanda in aka matso kusa sai ka rantse sassaƙa shi aka yi. (A kula da ruwanta, kada ya shiga ido.) Ga bado a kududdufi lokacin damina, fari a kan ruwa mai duhu. Ga furen kuka da ke reto daga reshe, yana buɗewa da almuru, washegari ya fara yaushi.

Haske shi ne rabin aikin, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ranar tsaka a ƙasarmu tana dukan fure daga sama, ta ƙone farin, ta bar inuwa baƙi ƙirin ba komai a cikinta. Hasken da ke fito da jijiyar fure shi ne wanda ya zo daga gefe, da hantsi ko bayan la'asar. Wanda ya fi shi ma shi ne wanda ya biyo ta bayan furen. Ka zagaya ka sa furen kuɓewa tsakaninka da rana da sassafe: ganyen furen zai cika da haske kamar fitila, kowace jijiya ta fito daga gindi ta bazu zuwa baki, 'yan gashin da ke jikin karan su yi zane fari siriri, tsakiyar nan mai duhu kuma ta riƙe ido. Hoton da ba zai buƙaci gyara mai yawa ba kenan. Sai dai a yi sammako, domin furen kuɓewa na yini ɗaya ne, kafin yamma ya rufe. Sammakon yana da wata riba: iska ba ta tashi ba tukuna. In ta tashi, a ƙara saurin kyamara zuwa 1/250 ko fiye, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

Hazon hunturu da masu hoton biki ke kuka da shi, ga mai hoton fure alheri ne, don yana tausasa rana ya sa inuwa ta yi laushi. In babu hazo, farin mayafi da wani ya riƙe tsakanin rana da fure yana yin wannan aiki. Farin kwali kuma a ɗaya gefen yana maido da ɗan haske cikin inuwa.

Sai abin da ke bayan furen. Karl Blossfeldt, wani malamin zane a Berlin ta Jamus, ya shafe shekaru yana ɗaukar tsirrai da kyamarar da ya haɗa da hannunsa, wadda ke girmama abu har ninki 30. A 1928 aka buga littafinsa Urformen der Kunst mai hotuna 120, kuma har yau ana koyar da su. In ka duba su za ka ga ba komai a bayan tsiron sai fili fari ko toka-toka. Imogen Cunningham, wata mai ɗaukar hoto a Amurka, ta bi wata hanyar a 1925, ta matsa cikin furen magnoliya har ya cika hoton, babu wurin da wani abu zai leƙo. Duk hanyoyin biyu a buɗe suke ga mai waya. Baƙin yadi a bayan fure, nesa da shi kamar taku biyu don kada saƙarsa ta fito, ya wadatar. Ƙofar zaure mai duhu ma tana yi, in furen yana cikin haske. Gurjiya kuwa, da ke fure ja lokacin rani bayan ta zubar da ganye, daga ƙasa ake ɗaukarta a sa sararin sama ya zama bango.

Game da inda za a ajiye furen a cikin hoto, ana yawan koya wa yara su raba fuskar kyamara gida uku su kauce wa tsakiya. Shawara ce mai kyau ga fure mai kallon gefe: a bar masa fili ta inda ya fuskanta. Amma fure mai zagaye da aka kalla gaba da gaba, tsakiyar ce wurinsa, kuma ban ga dalilin tura shi gefe don cika wata ƙa'ida ba. Abin da na fi matsa wa masu koyo a kai shi ne gefunan hoto. Kafin ka danna, bi kusurwa huɗun nan da ido. Wani farin tabo na rana a kan ganye, ko leda, ko rabin wani fure, duk za su fi ƙarfi a baƙi da fari, domin ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa. Kuma idan aka matso kusa sosai, abin da ke fitowa tar bai wuce 'yan milimita ba, don haka a sa saitin a kan zuciyar furen, mai babbar kyamara kuma ya tsuke idonta zuwa f/8 ko f/11.

Farin fure yana ruɗa ma'aunin hasken kyamara. In bayansa duhu ne, kyamara za ta ƙara haske har furen ya ƙone ya zama fari fat ba zane. A waya, taɓa furen a fuskar wayar, sannan ka ja alamar rana ƙasa har jijiyoyin su dawo. Duhu ana iya ɗago shi wajen gyara, amma farin da ya ƙone ya tafi kenan.

Yanzu gyara. Wanda kyamararsa ko wayarsa ke ɗaukar RAW ya yi amfani da shi. Hoton JPEG matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, kuma yana ajiye launin ko da baƙi da fari kake gani lokacin ɗauka. Launin nan da aka ajiye shi ne makamin gyara. Masu fim a da suna ɗaura jan gilashi a gaban kyamara don ja ya yi haske, kore da shuɗi su yi duhu. Yau wannan yana cikin manhajar Lightroom, inda kowane launi ke da abin jansa, yana kuma cikin Snapseed da ake saukewa kyauta. Ɗaga ja, sauke kore, sai furen nan da ya ɓace ya fito daga cikin ganye. Da gurjiya a kan shuɗin sama ma haka: ja ya hau, shuɗi ya sauka. Amma a ja a hankali, don in aka wuce gona da iri wani farin zobe yana bayyana a gefen furen, kuma duk wanda ya san aiki zai gane.

Bayan nan sai a daidaita iyaka biyu. Masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer, wajajen 1940, sun raba haske daga baƙi ƙirin zuwa fari fat gida 11, kuma darasin da na ɗauka daga tsarinsu shi ne kyan hoto a matakan tsakiya yake zaune. A sami ɗan wuri baƙi sosai, ɗan wuri fari sosai, sauran a bar su su yi ta hawa a hankali. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai fuskar waya a cikin rana tana yaudararsa, shi ya sa nake cewa a yi gyara a inuwa, a kuma duba jadawalin hasken da manhajar ke nunawa, kada ya taru ya manne a bangon dama.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi na fi so: bin hoton da burushi wuri-wuri, a ɗan haskaka bakin ganyen fure, a ɗan duhunta wani ganye da ke jan ido a baya. Abin da nake roƙo a rage shi ne maɓallin ƙara kaifi. Yana burge mutum a minti na farko, amma yana mayar da fure mai laushi kamar fatar da ta bushe. Tumfafiya tana ɗaukarsa kaɗan, bado ba ya ɗauka ko kusa. Idan an gama, a ajiye hoton a koma washegari da sabon ido. In za a tura wa mai wankin hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, don hanyar da aka saba tana matse shi ta lalata matakan toka-tokan da aka sha wahala a kansu.

'Yan uwa masu koyo, ku fara da fure ɗaya, ku ɗauke shi da hasken gaba, da na gefe, da na baya, ku jera ukun ku gani da idonku. In a gonar wani ne, ku nemi izinin mai gona, kuma kada ku tsinke furen don ku kai shi inda haske ya fi. Kowane furen kuɓewa da aka tsinke, kuɓewa ɗaya ce manomi ya rasa.