Alƙaluman Noma A Intanet: Inda Ake Samo Su Da Yadda Ake Auna Su

Shekarun baya, ɗalibin da ke nazarin tattalin arzikin noma in yana neman adadin dawar da Nijeriya ta noma, sai ya yi takakka zuwa ɗakin karatu na jami'a ko ma'aikatar gona, ya jira a ɗauko masa littafin shekara wanda galibi ya kwana biyu da fita. Yanzu waɗannan alƙaluma suna cikin intanet, akasarinsu kyauta. Matsalar da ta rage ita ce, mai bincike zai iya samun amsa uku mabambanta a kan tambaya ɗaya, kowace daga hukuma mai mutunci. Darasinmu na wannan karo ya shafi manyan rumbunan bayanai da kuma yadda za a san abin da kowannensu ya ƙidaya.

Rumbun da aka fi fara leƙawa shi ne FAOSTAT, na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, mai hedkwata a birnin Rum. Yana ɗauke da alƙaluman amfanin gona, dabbobi, taki da ciniki na ƙasashe da yankuna fiye da 245, tun daga shekarar 1961. A nan ne za a ga cewa Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen noman rogo, da kimanin tan miliyan 60 a shekara. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da ɗan harafin da ke gefen kowane adadi. Shi ne ke nuna ko gwamnatin ƙasa ce ta bayar da adadin, ko kuwa jami'an FAO ne suka kintata domin cike giɓi. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan kwafe lambar su bar harafin, alhali kuwa a nan ne darajar lambar take.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Bayan ƙidayar aikin gona ta 1993 zuwa 1994, Nijeriya ba ta sake yin irinta ba sai a 2022, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta gudanar da ita, ta kuma bayyana cewa gidaje kusan miliyan 40.2 ne ke aikin noma. Ke nan alƙaluman da aka yi ta ambatawa a tsakanin waɗannan shekaru kusan 30 an gina su ne a kan ƙananan bincike da hasashe, ba a kan cikakkiyar ƙidaya ba.

Mu ɗauki shinkafa misali, domin a kanta aka fi yin gardama. Ma'aikatar Gona ta Amurka, USDA, tana da nata rumbun mai suna PSD, wanda ke nuna abin da kowace ƙasa ta noma, ta shigo da shi, ta ci, ta kuma ajiye. Wanda ya kwatanta adadin shinkafar Nijeriya na PSD da na FAOSTAT zai ga tazara mai faɗi, har ya ɗauka wani ya yi ƙarya. Babban ɓangaren tazarar kuwa daga ma'auni ne. FAO tana bayar da nauyin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ita kuwa USDA ta fi lissafi da gyararriya, kuma shanshera in an casa ta kusan kashi 2 cikin 3 na nauyinta ne ke rage. Bugu da ƙari, ɗaya na bin shekarar kalanda, ɗayar na bin shekarar kasuwanci wadda ke farawa daga kaka. Sai an daidaita waɗannan biyu sannan a san ainihin saɓanin da ya rage.

Haka nan batun shigo da ita. Rumbun ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya, Comtrade, yana nuna abin da kwastan suka rubuta ne kawai, buhun da ya tsallako ta ɓarauniyar hanya ba ya ciki. Dabarar da masana ke yi ita ce duba littafin ƙasar da ta sayar. In aka ga Indiya da Tailan sun tura wa Jamhuriyar Benin shinkafar da ta zarce abin da jama'arta za su iya ci, an san inda saura ta nufa. Wannan na cikin dalilan da gwamnati ta bayar na rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020.

Dangane da farashi, NBS tana fitar da rahoton farashin kayan abinci da na hauhawar farashi, Babban Bankin Nijeriya kuma yana da kundin ƙididdiga na shekara-shekara. A nan ma akwai tarko, wato sauya shekarar da ake gwaji da ita. A 2014 aka mayar da shekarar auna arzikin ƙasa daga 1990 zuwa 2010, nan take kason noma ya sauko daga kimanin kashi 35 cikin 100 zuwa kimanin 22, ba tare da ko kunya ɗaya ta ragu a gona ba. A farkon 2025 kuma aka sabunta ma'aunin farashi, sai hauhawar da ke kashi 34.80 a Disamba ta koma 24.48 a Janairu. Uwargida dai ba ta ga wannan sauƙi a kasuwa ba. Duk wanda ya jera lambobin gabanin sauyi da na bayansa a layi ɗaya, ba tare da bayani ba, ya ɓata aikinsa.

A ganinmu, mafi amfani ga mai son sanin halin da manomi yake ciki shi ne binciken gidaje da NBS ke yi tare da Bankin Duniya tun daga 2010, inda ake komawa ga gidaje kimanin 5,000 bayan shuka da kuma bayan girbi. Ana iya sauke bayanan daga rumbun Bankin Duniya bayan an yi rajista. Fifikonsa shi ne ya yarda cewa manomi ba ya magana da tan ko hekta. Yana karɓar amsa da mudu, tiya, kwando ko buhu, sannan ya bayar da jadawalin mayar da su kilo, domin mudun wata shiyya ba ɗaya yake da na wata ba. Ana kuma auna gonaki da na'urar GPS, kuma irin wannan awo ya nuna masu ƙananan gonaki sukan faɗi girman da ya wuce na haƙiƙa. Wannan ya shafi duk wani lissafi na yabanya a kowace hekta. A cikin gida akwai kuma rahoton damina da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ke fitarwa kowace shekara.

Mai neman rubuce-rubucen masana sai ya duba AgEcon Search, wanda Jami'ar Minnesota ta buɗe a 1995, kyauta ne. Shirin AGORA da FAO ta fara a 2003 yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu kyauta ko da rahusa, amma ta hannun ɗakin karatun cibiya ake shiga.

Saura shirin FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 domin yin gargaɗi game da yunwa, wanda kuma ke bibiyar farashin hatsi a kasuwanni irin su Dawanau ta Kano. A watan Janairu na 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, shafin ya rufe, kuma sai bayan wasu watanni ya dawo. Waɗanda suka dogara da shi ba su ajiye kwafi ba sun shiga tsaka mai wuya. Don haka duk jadawalin da aka sauke a adana shi a kwamfuta, a rubuta sunan rumbun da ranar da aka ɗauko shi, tun da hukumomin nan sukan gyara alƙaluman shekarun baya, adadin da aka gani a bana yana iya canzawa baɗi.