Amsoshin Tambayoyinku: Birnin Lakwaja

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana neman bayani a kan Lakwaja da mutanenta.

To Malam, Allah ya ƙara basira. Lakwaja dai tana gindin Dutsen Patti ne, daidai inda kogin Kwara da ya faro daga tsaunukan Gini ya haɗu da Binuwai mai gangarowa daga Kamaru, kuma albarkacin wannan mahaɗa ne fatake da masunta suka mai da ita matattara, har al'ummu irin su Oworo da Nufawa da Bassa-Nge da Igala da Hausawa suka zauna cikinta. A nan ne Gwamna Lugga ya yi shelar mulkin Ingila bisa Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, kafin hedkwata ta koma Zungeru.

Abin da ya fi sosa zuciya kuwa shi ne maƙabartarta, domin Lakwaja Nasara suka kai sarakunan da suka tuɓe, cikinsu har da Sarkin Kano Alu Babba da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma fasihin mawaƙi, waɗanda wa'adinsu ya cika a baƙunta. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tun 1991 ita ce hedkwatar Jihar Kogi, ambaliya kuma ta wahalar da ita ƙwarai a 2012 da 2022.