Renon Yaro Mai Jinkirin Tasowa a Ƙasar Aujara: Wa Ya Kamata a Horar?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba wani tsari na horar da masu reno, wanda masana halayyar ɗan Adam suka shirya domin yara masu jinkirin tasowa, sa'an nan a auna shi da zaman gidan Bahaushe a gari irin Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun ta masarautar Dutse.

Jinkirin tasowa shi ne yaro ya wuce lokacin zama ko tafiya ko magana bai yi ba, ko kuwa ya ƙi haɗa ido da mutane, ya ƙi shiga wasa. Wani da abin aka haife shi, wani sanƙarau ne ya bar masa tabo, wani kuwa doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwarsa samun iska. Doguwar naƙuda ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, don ita da yoyon fitsarin da takan haddasa suna cikin abin da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta kama aiki a babban asibitin Jahun a 2008. Wahalar da takan illata uwa, ita ce takan illata jaririn da ya rayu.

Ɗalibin harshe zai lura da sunayen da ake laƙaba wa irin wannan yaro: wawa, dolo, gaula, soko. Idan ya daɗe bai zauna ba, wasu kan ce ɗan ruwa ne, watau aljannu sun musanya shi. Kafofin watsa labarai na yau sukan ce galahanga. Kowace daga cikin tsofaffin kalmomin nan hukunci ce da aka riga aka yanke. Babu wadda ta bar ƙofar cewa yaron zai iya koyon wani abu.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyar Autism Speaks ta Amurka, ta fitar da tsarin horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9, bayan an gwada shi a ƙasashe da dama, har da Habasha. Ana yin zama 9 a rukuni da ziyara 3 zuwa gida, kuma ba lalle sai likitan ƙwaƙwalwa ne zai koyar ba. Darasin kuwa ba ya wuce harkar yau da kullum. Mai reno ta durƙusa daidai fuskar yaro, ta bi abin da ya ja hankalinsa, ta saurara ya nuna ko ya furta abin da yake so kafin ta miƙa masa. Aiki irin wanke hannu a kasa shi gaɓa-gaɓa, a yaba masa a kan kowace gaɓa.

A nan ne al'ada ta shigo. Tsarin yana bukatar mai reno ta dubi idon yaro, ta kira sunansa, ta yi masa wasa a fili. Amma a gidan da ake riƙe da kunyar ɗan fari, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a littafin Mary Smith na 1954, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kuma wasa da shi a gaban mutane. Ga shi kuwa haihuwar fari ga yarinya ƙarama tana cikin waɗanda suka fi haɗarin doguwar naƙuda. Ke nan yaron da ya fi bukatar darasin, sau da yawa shi ne wanda al'ada ta ɗaure hannun uwarsa a kansa. Horar da uwa ita kaɗai a irin wannan gida aikin baban giwa ne. Kaka ce take da 'yancin wasa da jika, kuma yarinya mai goyo ce take yini da shi a baya. Su ya kamata a zaunar tare da uwar. Mai ziyarar gida ma dole ta kasance mace, tun da namiji baƙo iyakarsa zaure.

Game da fargaba kuwa, yawancin waɗannan yara suna saurin firgita da ƙara ko baƙon wuri, saboda haka tsoratar da su da Dodo, wanda ake yi don a tsawatar, ƙara wa Barno dawaki ne. Tun 1924 Mary Cover Jones ta nuna wata hanya a Amurka, inda ta raba wani yaro da tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron yake cin abin da yake so. Joseph Wolpe ya faɗaɗa wannan dabara a littafinsa na 1958. Alal misali, yaron da yake ihu in ya ji injin niƙa, ba a rufe shi a ɗaki, ba a kuma kai shi bakin injin da ƙarfi. Ran farko a tsaya da shi daga nesa, inda ƙarar take kaɗan, kakarsa tana riƙe da hannunsa, ana ba shi ƙuli-ƙuli ko rake. Idan ya natsu kwana biyu ko uku, a ƙara taku goma. Ran da ya firgita, a koma inda aka tsaya jiya, a sake farawa daga nan.