Abin da ke cikin filash ɗinka, aikin ne ko kwatancensa?

Duk lokacin da ɗalibai suka shiga kakar miƙa furojet, shagonmu na buga takardu ba ya rabuwa da matsala guda. Mutum zai zo da filash a hannu, ya ce a buga masa babi biyar. A saka a kwamfuta, a danna fayil ɗin, sai saƙo ya fito cewa ba a ga abin da ake nema ba. Sai ya hau rantsuwa cewa jiya da daddare ya buɗe shi. Kuma gaskiya ya faɗa, domin a kwamfutar da aikin yake ciki ya buɗe. Abin da ya kwaso zuwa filash shotkat ne kawai, aikin na can gida.

Shotkat ɗan ƙaramin fayil ne da ba ya ɗauke da komai sai adireshin wani fayil. Kamar takardar kwatancen gida yake: ko ka kai ta Legas, gidan yana nan inda aka gina shi. A Windows sunansa yana ƙarewa da .lnk, sai dai ana ɓoye wannan ƙarshen, don haka da ido za ka gane shi ta hanya biyu. Akwai ƴar kibiya a kusurwar ƙasa ta hagu a jikin hotonsa. Sannan ka duba nauyinsa. Furojet mai shafi tamanin da hotuna ba zai taɓa zama 1 KB ko 2 KB ba. In ka ga haka, kada ka baro gida.

To ina ainihin aikin yake? Kowane fayil yana da adireshi, ga misali: C:\Users\Amina\Documents\Furojet\babi3.docx. Daga hagu ake karantawa. C shi ne faifan da ke cikin kwamfutar, Users folda ce ta masu amfani da ita, sai foldar Amina, a cikinta Documents, a cikinta Furojet, sannan fayil ɗin kansa. Kowane karkataccen layi yana nufin an ƙara shiga ciki. Yara kan tambaye ni me ya sa aka fara daga C. A da, A da B na fulofi ne. Fulofi ya tafi, haruffansa suka zauna babu mai su.

Idan kana son ganin inda shotkat yake nuni, danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, ka duba gurbin da aka rubuta Target. Ko ka zaɓi Open file location, nan take ya kai ka gaban fayil ɗin. Wancan za ka kwafa. Tunda shotkat nuni kawai yake yi, shi ya sa goge shotkat daga fuskar kwamfuta ba ya goge aikin, sannan tara shotkat goma ba ajiya ba ce.

Harafin filash ba shi da tabbas. A kwamfutarka yana iya zama E, a tawa ya zama G, gwargwadon abin da aka riga aka jona. Don haka shotkat da ke nuni ga E yana iya ruɗewa da an canja kwamfuta.

Akwai kuma wata matsalar shotkat ta biyu da ta fi sa mutane kuka, kuma ba laifinsu ba ne. Akwai wani bairos da ke yawo daga filash zuwa filash a shagunan intanet da ofisoshi. Abin da yake yi shi ne ya ɓoye foldojinka, ya ajiye shotkat masu sunayensu a madadinsu. Kana dannawa, shi ne yake fara tashi ya kama kwamfutar. Na ga wata baiwar Allah da ta riga ta yi fomatin filash ɗinta kafin ta iso wurinmu, don wani ya ce mata komai ya tafi. Bai tafi ba, ɓoye shi aka yi, fomatin ɗin ne ya jawo mata aiki. Idan ka ga foldojinka duk sun koma masu kibiya, kada ka danna ko ɗaya. A fara wanke filash ɗin da antibairos. Bayan nan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin filash ɗinka. Sau da yawa foldojin suna dawowa cikin ƴan daƙiƙu.

Masu son jera folda cikin folda da dogayen sunaye kuma su sani cewa manhajoji da yawa a Windows suna gazawa idan adireshi ya wuce harafi 260. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, amma ya ƙi buɗuwa ko kwafuwa. Gajarta sunayen foldojin, ko ka matso da shi kusa da C.

Kafin ka taho buga aiki, cire filash ɗin, ka saka shi a kwamfutar wani, ka buɗe fayil ɗin daga can har shafin ƙarshe.