Yadda Za Ka Sami Kakin Zuma Na Gaskiya

Manomi, in kana da bindigar toka ta korar birai daga gona, ka san dauɗar da albarushi ke bari a cikinta. Dauɗar nan tana jawo laima, laima kuma ta kawo tsatsa. A Amurka, masu harbi da irin wannan bindiga sukan narka kakin zuma da kitsen rago marar gishiri, rabi da rabi, su shafa wa ƙyallen da ake naɗe harsashi da shi. Haɗin yana sa dauɗar ta yi laushi, a goge ta ba wahala.

Amma fa sai kakin ya zama na gaskiya. Wasu 'yan kasuwa suna cakuɗa shi da kakin kyandir don ya yi auki. Shi na kyandir daga man fetur ya fito, kuma kayan fetur, irin su bakin mai, in sun gamu da hayaƙin albarushi sukan bar datti mai tauri kamar kwalta.

Kafin ka biya kuɗi, sansana. Na gaskiya yana ƙanshin zuma. Ɓalle kaɗan ka duba wurin da ya karye: za ka gan shi dishi-dishi, ba ƙyalli. Murza shi da yatsu, zai yi laushi ya lanƙwasu. Wanda aka cakuɗa santsi gare shi, ya kan farfashe. Kada launi ya ruɗe ka, ana rina na jabu.

Abin da ya fi duka shi ne ka dafa naka. In an tace zuma, kada a zubar da saƙar. Ƙudan zuma sai sun sha zuma wajen kilo 6 zuwa 8 kafin su yi kilo 1 na kaki. Zuba saƙar cikin ruwan sama a tukunyar da ba ta baƙin ƙarfe ba, don ta baƙin ƙarfe tana ɓata launinsa. Sa wuta kaɗan-kaɗan har ya narke. Kada ka ɗora kaki a wuta ba ruwa, yana iya kamawa da wuta, kuma ka yi nesa da inda ka ajiye albarushi. Tace da buhun algarara, ka bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar ya daskare a bisa ruwa. Kankare dattin ƙasansa da wuƙa.

Wanda ya ragu, dukawa na nemansa don goga wa zare.