Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kuɗin Makarantu Ke Maƙalewa?

Wani malamin firamare daga Gusau yana tambaya: shin akwai yadda talaka zai gane ko kuɗin da gwamnati ta ware wa makaranta ya iso?

Akwai, Malam, kuma Uganda ce aka fi kawo misali da ita. A 1996 masu bincike suka bi sawun kuɗin da gwamnati ke ba makarantun firamare gwargwadon yawan ɗalibansu. Suka gwada abin da baitulmali ya saki da abin da ke rubuce a littattafan makarantun. Tsakanin 1991 da 1995, kusan kashi 13 cikin 100 kacal ya kai hannun hedimastoci, saura ya maƙale a ofisoshin gundumomi. Makarantu da dama ko sisi ba su gani ba, wasu ma ba su san suna da haƙƙi ba.

Sai gwamnati ta riƙa buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa, inda uba zai tsaya ya karanta. Zuwa 2001, kusan kashi 80 na isa. Makarantun da ke kusa da masu sayar da jarida su suka fi amfana, kodayake an yi wasu gyare-gyaren ilimi a lokacin, don haka ba jarida kaɗai za a yaba wa ba.

A Najeriya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka ikon rubuta wa hukumar tarayya ka nemi takardun kashe kuɗi, kuma kwana bakwai aka ba ta ta amsa. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana bin ayyukan mazaɓu, sai ka duba na yankinku.