Darasin Mako: Likitan Gashi, Mene Ne Aikinsa, Ina Ake Samunsa?



Yawancinmu a nan Kurmi muke neman abinci, iyaye kuwa suna gida: Azare, Madara, Chinade, Sakwa ko garin Katagum. Wata rana sai waya ta shigo: "Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye." Mu tura kuɗi, a kai shi asibiti, a sallame shi, shi ke nan a kwantar da shi a ɗaki ana jiran sauƙi. A nan ne muke yin kuskure.

Wane ne likitan gashi?

Shi ne wanda ma'aikatan asibiti ke kira fisiyo. Ba maɗori ba ne, ba mai tausa ba ne. Karatun jami'a yake yi, kamar a Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri, sannan ya ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki. Hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke ba shi lasisi. Aikinsa ya koya wa jiki abin da ya manta: zama, tsayuwa, tafiya, riƙe buta. Yana duba mai shanyewar ɓarin jiki, da mai ciwon baya ko gwiwa, da wanda gaɓarsa ta sandare bayan cire filasta, da yaron da ya wuce lokaci bai zauna ba.

Ina za a je?

Akwai sashen gashi a asibitin tarayya na Azare, wanda muka saba kira FMC. A yanki kati, a nemi likita ya rubuta takardar turawa can. In lamarin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin koyarwa na Bauchi, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Duk wanda ya ce zai riƙa zuwa gida yana gashi, a tambaye shi lasisi da inda yake aiki. Wannan ba raini ba ne.

Abubuwa huɗu da za mu gaya wa na gida

1. Kada a jira. Mafi yawan sauƙin da mai shanyewar jiki ke samu yana zuwa ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Da zarar likita ya ce a fara, a fara.
2. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa.
3. Kada a gasa wurin da ba ya ji da ruwan zafi. Zai ƙone bai sani ba, balle mai ciwon suga.
4. A riƙa juya shi duk awa 2, don gudun gyambon kwanciya.

Namu nauyin

Gashi ba zuwa ɗaya ba ne, abu ne na makonni da watanni, kuma kuɗin mota ke sa mutane yankewa. Don haka in za mu aika, mu ware na mota daban. Mu kuma tsayar da mutum ɗaya cikin ƙannenmu ya riƙa raka shi, ya koyi atisayen, ya maimaita masa kullum a gida. In mun kira, kada mu tsaya a "ya jiki?" Mu tambaya: "Yau an yi masa atisaye?"

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.